Abin Da Ke Hana Wayar Hannu Shiga Jakar Ofis

A makon nan filin namu zai yada zango a Keffi ta Jihar Nasarawa, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga can. Mai wasiƙar akawu ne a sashen kuɗi na wani ofis, ya kuma roƙi a sakaya sunansa da na ofishin, mun kuwa yi masa haka. Ga taƙaitaccen kukansa. A ofishinsu an haɗa kwamfutoci wuri guda, akwai kuma wata jaka ta tarayya, wadda ma'aikata ke kira folda, inda ake ajiye takardun albashi da na alawus da wasiƙu. Idan yana zaune a teburinsa, dannawa ɗaya yake yi jakar ta buɗe. Da ya ce bari ya riƙa duba ta daga wayarsa ta hannu, sai ya zamana yau ta buɗe, gobe ta ƙi, a 'yan kwanakin nan kuwa ta ƙi sam sam. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, sau uku ke nan ana kulle masa suna, har kwamfutar teburin ma ta ƙi karɓarsa. Na ƙarshen ya faɗo ne a ƙarshen wata, ana jiran takardun albashi a hannunsa, har shugaban sashe ya fara yi masa kallon mai ganganci. Wani mai gyaran waya a kasuwa ya ce wayar ce ba ta da ƙarfi, ya sayi wata. Wani kuma ya ce ya sa injiniyan ofis ya kunna wani tsohon tsari da aka kashe, shi ke nan magana ta ƙare. Yana tambaya, wace shawara zai bi?

Malam akawu, kada ka bi ko ɗaya. Ta farko za ta ci maka kuɗi a banza, ta biyun kuwa tana iya cin ofishin baki ɗaya. Wayarka lafiyarta lau. Baƙuwa ce kawai a garin da ba a san ta ba, kuma ɗan Keffi ya fi kowa cancantar gane wannan magana.

Masu tarihi sun ce sunan Keffi daga kalmar kafi ya samo asali, watau shingen itatuwan da akan kafa kewaye da gari domin tsaro. Abdu Zanga, Bafillacen da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa garin wajen shekarar 1800, garin ya zauna a ƙarƙashin Zazzau. A irin waɗannan garuruwa ɗan gari yakan shiga ya fita ba wanda zai ce masa kanzil, domin masu tsaron ƙofa sun san shi, sun san ubansa. Baƙo kuwa tilas ya tsaya, ya faɗi sunansa, ya faɗi inda ya fito da wanda ya zo wurinsa. To, abin da masu ilmin kwamfuta ke kira domen, kafi ne irin wannan. Kamfanin Microsoft ya fito da tsarinsa na yanzu, mai suna Active Directory, tare da Windows 2000. A cikinsa akwai na'ura guda da ke riƙe da rajistar dukan ma'aikata da dukan kwamfutocin ofis, bari mu kira ta sarkin ƙofa. Kwamfutar teburi 'yar gari ce, an rubuta sunanta a rajista tun ranar da aka kawo ta. Sa'ad da akawu ya sa kalmarsa ta sirri da safe, sarkin ƙofa yakan ba shi wani tikiti a ɓoye, bisa wani tsari da ake kira Kerberos, wanda aka ƙirƙiro a makarantar MIT ta Amurka cikin shekarun 1980. Tikitin nan bisa al'ada yakan yi awa 10 yana aiki, da shi ne kuma kowace jaka ke buɗewa ba tare da an sake tambayar mutum kome ba. Shi ya sa ma'aikata da yawa ke zaton jakar ofis ba ta da makulli. Tana da shi, kwamfutar ce ke miƙa mabuɗin ba su gani ba.

Wayar Android ko iPhone ba a sa ta cikin wannan rajista yadda ake sa kwamfutar Windows. Saboda haka duk abin da kwamfutar teburi ke yi shiru a cikin ƙiftawar ido, ita waya sai ta yi shi da ƙafa: ta nemi hanyar garin, ta nemi gidan, ta yi magana da harshen da ake ji, ta faɗi sunan mai ita yadda ya kamata. Abin takaici shi ne, ko a wane mataki ta tuntsure, saƙo iri ɗaya take nunawa, wai an kasa haɗawa. Mai neman gyara kuwa lalle ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba zai yini yana canza kalmar sirri alhali wayar ko bakin ganuwa ba ta kai ba.

A fara da hanya, domin a nan ne galibin mutane ke ɓata. Na'urar da ke ɗauke da jakar, wadda ake kira uwar garke ko saba, tana da adireshi na lambobi, mafi yawa yakan fara da 192.168 ko kuwa da 10. Irin wannan adireshi na cikin gida ne, kamar a ce gidan Malam Audu na bayan masallaci. A cikin unguwa kowa ya gane, amma in ka rubuta shi a bayan ambulan daga Sakkwato ba inda wasiƙar za ta. Wayar da ke kan datar MTN ko Airtel ko Glo a wajen gari take, ko da kuwa mai ita yana zaune a tsakiyar ofis. Dole sai ta hau Wi-Fi na ofishin. A nan akwai wani tarko da ya dace da halin da muke ciki a ƙasar nan. Sau da yawa kuɗin intanet na ofis yakan ƙare, ko layin ya yanke, alhali Wi-Fi ɗin yana nan daram, jakar ma tana nan. Waya kuwa in ta ga Wi-Fi ba intanet, sai ta koma kan data da kanta, wai ita mai taimako, alamar Wi-Fi tana nan a sama amma zirga-zirgar ta bi wata hanya. Ina kyautata zaton wannan shi ne dalilin yau ta buɗe gobe ta ƙi da mai wasiƙarmu ya ambata. Gwajin ba wuya: a kashe data ɗungum, sa'an nan a sake gwadawa.

In an yi haka ba ta buɗe ba, sai a duba wane Wi-Fi aka hau. Ofisoshi masu tsari sukan raba shi biyu, na ma'aikata da na baƙi, na baƙin kuwa da gangan aka toshe shi daga ganin kayan cikin gida, zaure ne, ba ya kai mutum tsakar gida. A shiga saitin Wi-Fi a karanta adireshin da aka ba wayar, a gwada shi da na kwamfutar teburi. In wannan ya fara da 192.168.1, wancan da 192.168.50, to, ga tambayar da za a kai wa injiniya. Har wa yau, tun daga Android 10 ta 2019 da iOS 14 ta 2020, wayoyi sukan ɓoye lambarsu ta asali, su nuna wata ta aro ga kowane Wi-Fi, domin kada a riƙa bin sawun mai su. Dabara ce mai kyau a tasha ko otal, amma a ofishin da ke tantance na'urori da lambarsu, kamar baƙo ne ya zo da rawani ya rufe fuska. Ana iya kashe wannan ga Wi-Fi na ofis kaɗai. Masu iPhone kuma su tuna, manhajar da aka sauko da ita takan nemi izinin ganin na'urorin da ke kusa a karon farko, wanda ya danna a'a cikin gaggawa sai ya koma saiti ya gyara.

Daga nan sai sunan gida. Na sha ganin ma'aikaci yana rubuta wa waya harafin Z, domin a kwamfutarsa haka jakar ke fitowa. Harafin nan laƙabi ne da kwamfutarka ta raɗa wa jakar, ba wanda ya san shi sai ita. Sunan yanka yana da gaɓa biyu, sunan uwar garke da sunan jakar, a waya kuma akan rubuta shi kamar haka: smb://192.168.1.10/Albashi. Na sa lamba a misalin nan da gangan. Kwamfutar teburi tana iya kiran uwar garke da gajeren suna domin akwai wani littafin adireshi na cikin gida, ana ce masa DNS, da ke juya suna ya koma lamba. Waya ba kullum take tambayar wannan littafi ba. Tun daga Android 9 ta 2018 akwai wani saiti da ke sa ta riƙa tambayar wani littafin na waje, wanda bai taɓa jin sunan uwar garken ofishinku ba. Akwai kuma manhajojin VPN na kyauta, waɗanda 'yan Nijeriya suka cika wayoyinsu da su a watan Yuni na 2021 sa'ad da gwamnati ta dakatar da Twitter. An ɗage dakatarwar a Janairun 2022, amma manhajojin suna nan kwance a wayoyi da yawa, waɗansu ma suna kunna kansu. Wayar da ke kan irin wannan VPN tana iya kwasar duk abin da ka aika ta kai shi Turai ko Amurka tukuna, jakar da ke ɗakin da ke kusa da kai kuwa ba a ganinta daga can. A kashe shi. In da lamba jaka ta buɗe amma da suna ta ƙi, an gano ciwon, laifin littafin adireshi ne, kuma aikin injiniya ne na minti kaɗan.

Yanzu mun zo kan shawarar nan ta biyu da aka ba mai wasiƙa, wadda ita ce ta sa na ga ya kamata a ba wannan magana fili guda. Harshen da na'urori ke yi da juna wajen musayar fayil sunansa SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, shi ya fara tsara shi cikin 1983, daga baya Microsoft ya ɗauka ya faɗaɗa. Wancan na farko shi ake kira SMB1. An yi shi ne a zamanin da kwamfutocin ofis ba su da hulɗa da duniyar waje, saboda haka ba a ba tsaro muhimmanci sosai a cikinsa ba. SMB2 ya zo da Windows Vista cikin 2006, SMB3 kuma cikin 2012, wanda har yana iya lulluɓe abin da ake aikawa yadda mai laɓe ba zai karanta ba. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke jikin SMB1 ta bazu a duniya. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana ɗaure fayilolin mutane, tana neman fansar dala 300 kafin ta sake su. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya, waɗansu sun juyar da motocin ɗaukar majinyata zuwa wani wuri. Ba ta bukatar kowa ya danna kome, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan muddin tsohon harshen yana kunne kuma ba a toshe ɓarakar ba. Tun daga ƙarshen wannan shekara ta 2017 Microsoft ya fara fitar da Windows ba tare da SMB1 a kunne ba.

Matsalar ita ce, tsofaffin manhajojin duba fayil na waya da yawa ba su iya wani harshe ba sai SMB1. Sukan iso har ƙofar gida, su yi sallama da harshen da masu gida suka daina amsawa, a yi shiru, su kuma su dawo su ce an kasa haɗawa. Sai wani mai ilmin rabi da rabi ya ce ai abu mai sauƙi ne, a kunna SMB1 a uwar garke. Lalle in an kunna jakar za ta buɗe, mai waya zai yi murna, za a ce wane gwani ne. Amma abin da aka yi shi ne an fasa kafi domin baƙo guda ya shigo, aka kuwa bar gurbin a buɗe dare da rana. Injiniyan da ya ƙi wannan roƙo ba taurin kai ya yi ba, albarka ya kamata a sa masa. Mutanen Keffi dai sun san abin da mugun tafinta ke jawowa: masu ba da labari da dama sun ɗora wa tafinta alhakin rashin jituwar da ta kai Magaji Ɗan Yamusa ga kashe Kyaftin Moloney cikin 1902, abin da Turawa suka riƙe cikin hujjojinsu na tasar wa Kano a 1903. Tafinta ake canzawa, watau manhajar. Mai iPhone ko iPad ba ya bukatar sauko da kome, tun daga iOS 13 ta 2019 manhajar Files tana da wurin haɗawa da uwar garke, kuma sabon harshen take yi. Wayoyin Samsung na zamani suna da irin wannan a cikin My Files. Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun ma'aikatanmu, galibi sai sun nemi manhaja a Play Store, su kuma karanta bayaninta su tabbata an rubuta SMB2 ko SMB3. A guji wadda ake turo wa mutum ta Xender a shagon caji. ES File Explorer, wadda ta yi tashe a da, Google ya cire ta daga Play Store tun watan Afrilu na 2019, amma har yanzu tsofaffin kwafinta suna yawo hannu zuwa hannu, mutum kuwa zai danƙa mata kalmar sirrin ofishinsa. Ƙari a kan haka, Windows 11 da ya fito a ƙarshen 2024 ya ƙara tsanantawa, yana neman kowane saƙon SMB ya zo da sa hannu, saboda haka manhajar da ta yi aiki a da tana iya tsayawa bayan an sabunta kwamfutar da ke ɗauke da jaka.

To, a ce hanya ta yi, gida ya samu, harshe ya zo ɗaya. Saura faɗin suna. A teburi akawu yakan rubuta audu kawai, domin kwamfutar ta riga ta san garinsu. A waya sai ya haɗa da sunan garin, watau ya rubuta OFIS\audu, da karan nan mai jingina ta hagu, ko kuwa ya bi siffar adireshin imel, suna da alamar @ da cikakken sunan domen. Waɗansu manhajoji suna da gurbi na uku musamman domin sunan domen, in akwai shi sai a sa a nan, a bar sunan mutum shi kaɗai a gurbinsa. In ba a faɗi gari ba, uwar garke tana iya duba ɗan littafinta na kanta, ta ga ba Audu a ciki, ta mayar da shi. A kuma lura da allon rubutun waya, mai son gyara abin da ba a sa shi ba: yakan mai da harafin farko babba, ko ya ƙara fili a ƙarshen kalma, ita kuwa kalmar sirri ba ta yafe ko ɗigo.

Kulle sunan da ya fi damun mai wasiƙarmu daga nan ya taso, kuma ina da ƙarfin zaton wayarsa ce ke yi masa wannan aiki tana cikin aljihunsa. A domen akan tilasta wa ma'aikata canza kalmar sirri lokaci lokaci, in ba a taɓa saitin asali ba bayan kwana 42 ne. Akawu ya canza a teburinsa, ya manta cewa ranar da jaka ta fara buɗewa a waya ya danna a ajiye kalmar. Waya ba ta san an canza ba. Duk sa'ad da ta shigo Wi-Fi na ofis, ko aka buɗe manhajar, sai ta je ta ƙwanƙwasa da tsohon mabuɗi, a kore ta, ta sake dawowa, ba ta gajiya ba ta jin kunya. Sarkin ƙofa kuwa yana ƙirgawa. In kuskure ya kai adadin da ofis ya yanka, ko 5 ko 10, sai ya ɗauka ɓarawo ne ke gwada sa'a, ya kulle sunan gaba ɗaya, mai sunan na gaskiya ya zo da safe ya tarar an rufe. Injiniya ya buɗe masa, kafin azahar waya ta sake kulle shi. Manhajar imel ta ofis da shi kansa Wi-Fi ɗin, in da sunan ma'aikaci ake hawansa, duk suna iya yin wannan ɓarna. Maganin shi ne a goge haɗin da aka ajiye a waya ɗungum, a dukan wuraren nan uku, sa'an nan a buɗe sunan, a sake shigar da sabuwar kalma. Nan gaba kuma, ranar canza kalma, a fara kashe Wi-Fi na waya kafin a taɓa kwamfuta. Injiniyan da ke son hujja ya duba littafin abubuwan da suka faru: lamba 4740 a na'urar sarkin ƙofa tana nuna lokacin da aka kulle suna, lamba 4625 a uwar garke kuma tana nuna gwajin da ya faɗi, sau da yawa har da adireshin na'urar da ta yi shi. Da wannan takarda akawu zai iya wanke kansa a gaban shugabansa.

Akwai abubuwa biyu da ba na waya ba ne, amma akan ɗora mata. Na ɗaya agogo. Tikitin Kerberos ba ya karɓuwa in agogon na'urori ya saɓa da fiye da minti 5. Inda wuta ke ɗaukewa kullum, ɗan batirin da ke riƙe agogon tsohuwar uwar garke ya mutu, tana iya farkawa da kwanan watan wata shekara can baya, sai kowa a ofis ya kasa shiga. In ka ga har maƙwabcin teburinka yana kuka, ajiye wayarka. Na biyu, yawancin manhajojin waya ba su amfani da Kerberos, wani tsohon tsarin tantancewa suke bi mai suna NTLM, wanda Microsoft ya sanar cikin 2024 cewa ya daina bunƙasa shi, yana kan hanyar ritaya. Ofishin da ya riga ya rufe NTLM ya rufe wa irin waɗannan wayoyi ƙofa ke nan da saninsa, ba kuwa saitin da zai buɗe ta daga hannun ma'aikaci. Maganar izini ba za ta ɗauke mu lokaci ba: in da sunanka jaka tana buɗewa a teburi, izininka yana nan. Sai dai a rubuta wa waya cikakken sunan jakar, domin jakar da aka sa wa alamar $ a ƙarshen suna ba ta fitowa cikin jeri, sai wanda ya kira ta.

Bayan duk wannan, akwai tambayar da mai wasiƙa bai yi ba, ni kuwa zan yi wa shugabannin ofisoshi ita. Shin kun zauna kun yanke shawara cewa wayoyin ma'aikata su shiga jakunkunan nan, ko kuwa abin yana faruwa ne kawai a bayan idonku? Keffi gari ne na takarda tun da daɗewa. Kwalejin Gwamnati da aka kafa cikin 1949 tana nan, ga Jami'ar Jihar Nasarawa da aka yi dokar kafa ta cikin 2001, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga bankuna da makarantu da ofisoshin ƙaramar hukuma. Abin da ke cikin jakunkunan wurare irin waɗannan, a ko'ina cikin ƙasar nan, shi ne albashin mutane da sakamakon jarrabawa da bayanin ciwon marasa lafiya. Garin kuma kimanin kilomita 50 ne daga Abuja, dubban ma'aikata suna bin hanyar nan ta Masaka da Mararraba safe da yamma, cikin cunkoson da aljihu ba ya da tabbas. Kwamfutar teburi tana kwana a ofis da maigadi. Waya kuwa tana shiga mota, tana zuwa biki, yara suna wasa da ita da dare, ana barin ta a shagon caji. In ta ɓace da kalmar sirrin akawu a cikinta, ba makulli a allonta, wanda ya tsince ta ya tsinci mabuɗin sashen kuɗi. Tun watan Yuni na 2023 kuwa Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta wajabta wa ma'aikata ko kamfani sanar da hukuma cikin awa 72 in bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ba ina cewa a hana waya ba ne. Inda aka hana ba tare da an ba mutane wata hanya ba, abin da ke biyo baya ya fi muni: sai ka ga takardar albashin ofis guda tana yawo a WhatsApp, daga wannan waya zuwa waccan, ba mai iya janye ta. Ko kuwa injiniya ya gaji da ƙorafi ya ba manyan ofis kalmar sirrinsa ta mai iko da kome, ko ya buɗe jakar ga kowa da kowa, ko ya buɗe kafar nan mai lamba 445, wadda SMB ke bi, ga intanet domin oga ya duba fayil daga gida. Wannan na ƙarshe kada a kuskura, domin akwai masu laluben wannan kafa a duniya ba dare ba rana. Hanyar da ta dace ba ta da tsada sosai. A ware jakar da ake bukata a waya daga wadda ba ta da dalilin barin ofis. A ba wayoyi izinin karantawa kawai inda ba a bukatar gyara. A zaɓi manhaja guda da injiniya ya gwada, kowa ya yi amfani da ita. Wanda zai shiga daga gida ya bi ta VPN na ofishin kansa, wanda ya sha bamban da na kyautar nan da muka ambata. A kuma sa sharaɗi cewa duk wayar da za ta shiga sai tana da makullin allo, mai ita kuma ya yi alkawarin kai rahoto ranar da ta ɓace, domin a canza kalma kafin dare.

Kai kuma malam akawu, sa'ad da za ka wurin injiniya, kada ka je da ta ƙi kawai. Rubuta masa sunan Wi-Fi da ka hau, da adireshin da wayar ta samu, da sunan manhajar, da ainihin kalmomin da ta nuna maka, da ƙarfe nawa abin ya faru, ka kuma faɗa masa ranar da ka canza kalmar sirri ta ƙarshe. Kafin ka isa wurinsa, ka goge tsohon haɗin nan daga wayar tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wata wasiƙa daga Gusau, kan na'urar buga takarda da kowa a ofis ke gani amma ba wanda take yi wa aiki.